Yadda Ake Gwada Aminci da Ingancin Takardar Tambayoyi Kafin a Shiga Fagen Bincike

Ɗalibin da ya kai ga rubuta kundi a ilimin halayyar ɗan Adam, ko a sashen ba da shawara da jagoranci, zai tarar da ƙananan kanu biyu suna jiransa a babi na uku: amincin ma'auni da ingancin ma'auni, waɗanda a aji ake ce wa rilayabiliti da balidati. Da yawa sukan sallame su da layi uku uku, wai an nuna wa masana takardar sun amince, an kuma samu alfa, wato lambar da ke nuna amincin takardar, 0.85. Ranar kare kundi, da mai jarrabawa ya tambayi inda lambar ta fito, sai ɗaki ya yi tsit.

Dalilin da ya sa ake matsa wa wannan lamba shi ne abin da muke aunawa ba ya ganuwa. Fargaba ba ta da nauyi, ƙuncin rai ba shi da tsawo, sai dai mu tambayi mutum mu mai da amsarsa maki. Aminci shi ne ma'aunin ya riƙa ba da sakamako iri ɗaya matuƙar abin da ake aunawa bai canza ba. Inganci kuwa shi ne a tabbatar abin da ka ce kana aunawa, shi ɗin kake aunawa. Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki, ko sau ɗari ka auna gero da shi adadi ɗaya zai ba ka, amma kowane awo tauyayye ne. Yana da aminci, ba shi da inganci. Akasin haka ba ya yiwuwa: ma'aunin da yau ya ce kaza gobe ya ce kaza ba zai taɓa zama ingantacce ba.

Zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe: auna fargabar jarrabawa tsakanin 'yan aji shida na sakandare a nan Sakkwato.

Abin da za ka tanada

- Takardar tambayoyin, taka ko ta aro, tare da bayanin yadda ake ba ta maki.
- Masu fassara biyu da ba za su yi shawara da juna ba.
- Masana biyar zuwa goma. Akwai su a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga kuma likitoci da masu jinya a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.
- Mutum 30 zuwa 50 na gwajin share fage, irin waɗanda za ka bincika amma ba su ɗin ba.
- Kwamfuta mai SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike. In babu, jamovi da JASP da PSPP duk kyauta ne. In ma waɗannan sun gagara, Excel ya isa, zan nuna yadda ake yi.
- Mataimaka maza da mata. Gidan da ake kulle, namiji ba zai wuce zaure ba.
- Takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, da ta shugaban makaranta, da yardar iyaye ga duk yaron da bai kai 18 ba. In unguwa ko ƙauye za ka shiga, ka fara da gaishe da mai unguwa ko hakimi.
- Littafi guda na rubuta duk canjin da ka yi wa takardar da ranar da ka yi shi.
- Lokaci, kamar mako shida zuwa takwas. Wannan ne abin da ɗalibai ba sa tanada.

1. Ka rubuta abin da kake aunawa, ka raba shi gida-gida

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka zauna ka bayyana abin cikin jimla biyu. Fargabar jarrabawa, tun aikin Liebert da Morris na 1967, ana raba ta biyu: akwai saƙe-saƙen zuci, wato tunanin faɗuwa da abin da iyaye za su ce, akwai kuma abin da jiki ke yi, kamar bugun zuciya, zufa da murɗawar ciki. Ka ja tebur, kowane gida da shafinsa, ka ƙaddara tambaya nawa za ta shiga ƙarƙashin kowanne. In ka tashi da tambaya goma sha biyu kan saƙe-saƙe, biyu kacal kan jiki, to ma'aunin saƙe-saƙe ka haɗa, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya.

2. Ko ka ara, ko ka ƙirƙira

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ara in akwai abin ara. PHQ-9, wadda Kroenke da Spitzer da Williams suka fitar da gwajinta a 2001, tambaya tara ce kan ƙuncin rai, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma ba a biyan kuɗi kafin a yi amfani da ita. GAD-7 ta 2006 tana auna yawan fargaba da tambaya bakwai. Ta Rosenberg ta 1965 tana da tambaya goma kan yadda mutum ke ganin ƙimar kansa. SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya amsarta i ko a'a ce kawai, don haka tana da sauƙi ga wanda bai yi boko ba. Wasu kuwa, irin ta Beck, suna da masu haƙƙi, sai da izini.

Babban kuskuren masu ara shi ne kwafo lambar alfa daga binciken da aka yi a Amurka a liƙa a babi na uku. Aminci ba ya manne da takarda ya bi ta duk inda ta je. Sifa ce ta makin da wasu mutane suka samu a wani wuri, cikin wani harshe. Alfar ɗaliban wata ƙasa ba ta gaya maka komai game da 'yan mata a Bodinga. Ka ambaci tasu a matsayin tarihi, sannan ka fitar da taka.

Akwai kuma abin da takardar aro kan rasa. Tun 1960 Raymond Prince ya yi rubutu kan ɗaliban Najeriya da ke kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a cikin kai, da karatu ya ƙi zama. Har yau yaro zai fi saurin ce maka kansa na ɗaukar zafi in ya buɗe littafi, a kan ya ce yana jin tsoro. In takardarka ba ta da wurin wannan amsar, ta rasa yaron.

In ƙirƙira za ka yi, ka rubuta ninkin abin da kake buƙata, don wasu za su zube a hanya. Kowace tambaya magana ɗaya. "Ina jin tsoro kuma ba na iya barci" tambaya biyu ce aka cusa wuri ɗaya, wanda ke jin tsoro amma yana barcinsa lafiya bai san me zai zaɓa ba. Ka guji kore kan kore, irin "ba na jin ba zan ci ba". Game da zaɓin amsa, tsarin Likert na 1932 mai matakai biyar ne, amma a sassan ilimi a nan an fi sabawa da mai huɗu. Kowanne ka ɗauka, ni na fi son a tambayi yawan faruwa, wato ban taɓa ba, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum. Bambanci tsakanin "na yarda" da "na yarda ƙwarai" yakan ɓace idan ana karanta wa mutum da baki.

3. Fassara gaba da baya

Hanyar da Brislin ya bayyana a 1970 ake bi. Mutum na farko ya mai da takardar Hausa. Na biyu, wanda bai taɓa ganin ta asali ba, ya mai da Hausar Turanci. Sai ku zauna ku uku ku jera Turancin biyu, duk inda ma'ana ta kauce ku gyara Hausar. Kada mutum ɗaya ya yi duka biyun, domin zai tuna asalin ne kawai ya rubuta.

A rubuta da daidaitacciyar Hausa, amma a gwada ta a kunnen Basakkwace. Mai karantawa ya san cewa dattijuwa a Gwadabawa za ta ce "hwaɗuwar gaba", kuma ya san lokacin da ba ta gane shi ba ko da ta gyaɗa kai. A ajiye rubutacciyar fassara ɗaya da kowane mataimaki zai karanta kalma da kalma. Mafi munin abin da ake yi shi ne a buga takarda da Turanci a ce kowa ya fassara a fili yadda ya ga dama. Mataimaka biyar sun zama takardu biyar ke nan. In cikin mutanenka akwai waɗanda Fulfulde ya fi zama a bakinsu, wannan fassara ce ta dabam, da nata gwajin. Wanda ajami yake karantawa, ko dai a yi masa tasa, ko a karanta wa kowa da baki don hanya ta zama ɗaya.

4. Ka kai wa masana, amma da fam a hannu

Miƙa wa malami takarda ya duba ya sa hannu ba gwaji ba ne. Ka ba kowane masani bayanin da ka rubuta a mataki na ɗaya, da fam da zai yi wa kowace tambaya hukunci ɗaya cikin uku: dole ce, tana da amfani amma ba dole ba, ba a buƙatarta. Wannan ita ce hanyar Lawshe ta 1975. Lissafinta: ka ɗauki yawan waɗanda suka ce dole ce, ka cire rabin yawan masanan, ka raba da rabin nan. Masana goma, tara sun ce dole: tara a cire biyar huɗu, a raba da biyar, 0.80. In takwas ne suka ce dole, 0.60. A teburin Lawshe mafi ƙarancin abin karɓa ga masana goma shi ne 0.62, saboda haka ta farko ta tsira, ta biyu sai gyara ko jefarwa. In biyar kawai ka samu, sai duk sun haɗu a kan tambaya kafin ta wuce.

Ka bar fili a ƙarshen fam ɗin da tambayar "me na manta?" Amsar wannan ta fi lambobin amfani. Kuma kada masanan su zama 'yan jami'a zalla. Malamar da ta shekara tana koyar da aji shida ta san yadda fargabar WAEC ke bayyana a fuskar yaro fiye da mai digiri uku da rabonsa da sakandare tun yana ɗalibi.

5. Ka zauna da mutum biyar zuwa goma, ɗaya bayan ɗaya

Wannan matakin ba ya fitar da lamba, shi ya sa ake tsallake shi, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a cikin duka. Ka karanta tambaya, yaro ya amsa, sai ka ce masa: in kai ne za ka yi wa abokinka wannan tambayar, yaya za ka faɗe ta? Me ka tuna kafin ka zaɓi "sau da yawa"? Ka rubuta abin da ya ce, kada ka gyara masa.

A nan ne za ka ci karo da abubuwan da littafin hanyoyin bincike bai faɗa ba. Na farko, mu mutane ne da ba ma amsa gaisuwa da kuka. Wanda ya kwana bai runtsa ba, in ka ce ina kwana zai ce lafiya lau, in ka ce ina gajiya ya ce ba gajiya. Tambayar da ta yi kama da gaisuwa, amsar gaisuwa za ta samu. "Kana cikin damuwa?" za ta jawo "alhamdu lillahi". Amma "a mako biyun nan, dare nawa ka farka kana tunanin jarrabawa?" tana neman ƙidaya, kuma ƙidaya ba ta da kunya. Na biyu, akwai tambayar da mai amsa ke ji kamar ana auna imaninsa. Ka tambayi mutum ko ya yanke ƙauna, zai ce a'a ko da ransa a ƙuntace yake, don ya san hukuncin yanke ƙauna daga rahamar Allah. Amsar gaskiya ce a wurinsa, amma ba abin da kake nema ta auna ba. Sai a sake tsara tambayar ta koma kan abin da yake ji game da sakamakon jarrabawar kanta.

Na uku, girmamawa. Yaro ya ga babba da takarda da biro, zai yi ƙoƙarin gano amsar da ake so ya bayar. In malaminsu na tsaye a bakin ƙofa, abin ya ninka. Ka roƙi malami cikin ladabi ya ba ku wuri, ka gaya wa yara babu amsar daidai ko kuskure, babu suna a takarda. Haka matar aure ba za ta faɗi abin da ke ranta ba in uwar miji ko kishiya na zaune a gefe.

In takardarka na da tambaya kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, kamar ta tara a PHQ-9, kada ka fita fili sai ka shirya inda za ka tura wanda ya amsa da i, ko Kware ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, da wanda zai raka shi. Kada kuma ka cire tambayar a ɓoye don ta yi maka nauyi a baki. In ka cire, jimlar ba 27 ba ce kuma, iyakar maki 10 da ake amfani da ita wajen tantance mai ƙuncin rai ta daina aiki.

6. Gwajin share fage da shigar da maki

Ka zaɓi makarantar da ba ta cikin waɗanda za ka yi ainihin bincike. In a cikin gari za ka yi aikin, ka yi gwajin a Wamakko ko Dange Shuni, ko akasin haka, matuƙar yaran sun yi kama. Ka ba kowa lamba maimakon suna, ka ajiye jerin lambobin da sunaye a wani wuri dabam, don za ka sake neman su a mataki na takwas. In da waya za ka tara amsa, KoboCollect na aiki ba tare da intanet ba, amma ka riƙe kwafin takarda don ranar da caji ya ƙare.

A kwamfuta kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya shafi ɗaya. Kafin ka taɓa wani lissafi, ka juya makin tambayoyin da aka rubuta a juye. "Hankalina a kwance yake ranar jarrabawa" kishiyar sauran ce, wanda ya ba ta 4 ba ya fargaba. In matakai huɗu ne, ka cire makin daga 5. In biyar ne, daga 6. A ta Rosenberg biyar cikin goma haka suke. Duk wanda ya zo mini da alfa 0.20 ko mai alamar ragi a gaba, nan nake fara dubawa, kuma yawanci nan matsalar take.

7. Ka fitar da alfa, ka kuma san abin da ba ta faɗa ba

Alfar da Lee Cronbach ya bayyana a 1951 tana nuna yadda tambayoyin ke tafiya tare. A SPSS ka shiga Analyze, sai Scale, sai Reliability Analysis, ka zuba tambayoyin, ka nemi ya nuna abin da zai faru in an cire kowace. A jamovi tana ƙarƙashin Factor.

Da Excel kuwa, ka fitar da bariyans, wato ma'aunin yadda maki suka warwatsu, na kowace tambaya da VAR.S ka tara su. Ka haɗa jimlar makin kowane mutum, ka fitar da bariyans na jimlar. Ka raba na farko da na biyu, ka cire daga 1, ka ninka da yawan tambayoyi a kan yawan tambayoyi ban da ɗaya. A ce tambaya goma ne, tarin bariyans 8, na jimla 25. Takwas a kan 25 shi ne 0.32, a cire daga 1 saura 0.68, a ninka da goma a kan tara, an samu kusan 0.76. In amsoshin i ko a'a ne, lissafin shi ne dai wanda ake kira KR-20, na Kuder da Richardson tun 1937. Akwai kuma tsohuwar hanyar raba takarda biyu, tambayoyi masu lambar mara a gefe, masu cika a gefe, a nemi dangantakarsu da CORREL, a gyara da dabarar Spearman da Brown: ninki biyu na dangantakar a kan 1 da dangantakar. In ka samu 0.60, to 1.2 a kan 1.6, wato 0.75.

An saba ɗaukar 0.70 a matsayin abin karɓa ga bincike kan rukuni, ana jingina wannan ga masanin ma'auni Nunnally. In kuwa da makin za a yanke hukunci kan mutum ɗaya, a ce wannan yaron a kai shi wurin likita, ana son 0.90. Ka duba dangantakar kowace tambaya da jimlar sauran. Wadda ta gaza 0.30, ka koma littafinka na mataki na biyar, sau da yawa za ka tarar ita ce wadda yara suka yi ta tambayar me take nufi.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Alfa tana hawa da yawan tambayoyi ko da ba su da kirki. Tambaya goma da matsakaicin dangantakarsu 0.20 ne za su ba da kusan 0.71. Ka mai da su talatin da wannan raunin dai, alfa ta haura 0.88. Babu abin da ya gyaru, tsawo kawai aka ƙara. In ka ga 0.95 ko sama, ka yi zargin tambaya ɗaya ce ka maimaita da kalmomi dabam-dabam. Alfa ba ta tabbatar da cewa abu ɗaya ake aunawa, balle ta ce abin da ake so ne. In takardarka gida biyu ce, kowane gida da alfarsa. Kuma kada ka yi ta jefar da tambayoyi don lamba ta hau, har ka wayi gari gidan jiki ya koma tambaya ɗaya.

8. Ka koma wurin mutanen nan bayan mako biyu

Takarda ɗaya, mutane ɗaya, mai karantawa ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Ƙasa da mako guda za su tuna amsarsu, wata biyu kuwa mutum kansa ya canza. Ka haɗa makin farko da na biyu ta lambar kowa, ka nemi dangantaka. In manhajarka na da ICC, lissafin da ke duba dacewar makin kansu, ka fi son ta, domin in kowa ya ƙaru da maki biyar a zagaye na biyu, dangantakar Pearson, wadda CORREL ke fitarwa, ba za ta nuna komai ya faru ba.

Ka duba kalanda biyu kafin ka sa rana. In zagayen farko ya faɗo ƙarshen Sha'aban, na biyu cikin azumi, tambayar barci da ta cin abinci da ta gajiya duk za su motsa, ba don takardar ta lalace ba, sai don mutum ya tashi sahur kuma bai sa komai a baki ba tun asuba. Haka zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke wuce digiri 40, dare babu wuta: wa ke barci? Da damina zazzaɓin cizon sauro zai cika maka shafin kasala. Su kuma 'yan aji shida, in ka auna su ana saura wata biyu WAEC ka sake aunawa ana jibi za a fara, fargabar ce ta ƙaru da gaske. Wannan gwajin ya fi dacewa da halin da ke zaune da mutum, ba yanayin da ke zuwa ya wuce ba.

9. In da masu lura ko masu ba da maki

Idan aikinka na kallon ɗabi'ar yara a aji ne, ko ba da maki ga hira, mutum biyu su yi kowa shi kaɗai. Yawan dacewarsu kawai bai isa ba, don ko da ka suka yi za su dace wani lokaci. Kappa ta Jacob Cohen ta 1960 tana cire wannan. A ce yara 50, sun dace a kan 40, wato 0.80, kowannensu kuma ya ce rabin yaran na da alamar, don haka dacewar sa'a 0.50 ce. A cire 0.50 daga 0.80, a raba da 0.50, kappa 0.60. In ta yi ƙasa, ku sake zama ku fayyace me ake nufi da kowace alama, ku sake gwadawa da wasu yaran.

10. Ka nemi shaidar cewa abin da ka ce ne kake aunawa

Lambobin matakai na bakwai zuwa tara aminci suka nuna. Inganci ba shi da lamba ɗaya, shaidu ake tarawa, kamar yadda Cronbach da Meehl suka tsara a 1955, Campbell da Fiske suka ƙara a 1959. Dabarar ita ce ka rubuta hasashenka kafin ka ga sakamako.

Ka haɗa takardarka da wata da ke auna abu makusanci, kamar GAD-7. Ya kamata su tafi tare, amma ba har su zama abu ɗaya ba. Ka haɗa ta da abin da bai kamata ta bi ba. Wanda na fi damuwa da shi a nan shi ne iya karatu: in makin fargaba na bin makin Turanci sau da ƙafa a takardar da aka bayar da Turanci, wataƙila rashin gane tambaya kake aunawa. Sannan ka gwada rukunai da ka riga ka san sun bambanta, misali yaran da malamin ba da shawara ya san suna zuwa wurinsa da kukan jarrabawa, da sauran 'yan ajin. In makinsu ɗaya, takardar ba ta gani. In ma'aunin na tantance cuta ne, abin gwadawa shi ne ganawar likitan ƙwaƙwalwa wanda bai ga makin ba.

Nazarin da ke nuna ko tambayoyin sun rabu gida biyu kamar yadda ka tsara yana son jama'a, a ƙalla mutum biyar zuwa goma kan kowace tambaya. Kada ka yi shi da mutum 30 na share fage, ka jira ainihin bayanan. In kundin digirin farko ne kuma lokaci ya ƙure, hukuncin masana, da zaman mataki na biyar, da kwatance da ma'auni ɗaya makusanci sun isa, matuƙar ka faɗi iyakar abin da ka yi.

11. Ingancin binciken kansa, da abin da za ka rubuta

Takarda na iya zama lafiya ƙalau, tsarin binciken ya rushe. In ka koya wa aji dabarun kwantar da hankali ka ga fargaba ta ragu, sai da wani ajin da ba a koya wa ba za ka iya cewa dabarun ne. Wanda aka zaɓa don makinsa ya yi sama sosai, yawanci zai ɗan sauko a awo na biyu ko ba a yi masa komai ba. A raba rukunan da ƙuri'a, kada shugaban makaranta ya zaɓo maka yaran kirki. Kuma jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. Abin da ka samu a makarantu uku na cikin birni, ka ce na makarantun cikin birni ne, kada taken kundin ya ce matasan Jihar Sakkwato, alhali ba ka je Illela ko Tambuwal ba, ba ka kuma ga yaron da ba ya zuwa boko ba.

A babi na uku ka rubuta asalin takardar da shekararta, waɗanda suka fassara ta da hanyar da aka bi, yawan masana da fannoninsu, tambayoyin da aka jefar da dalili, inda aka yi share fage da ranakun da yawan mutane, alfar kowane gida, tazarar zagaye biyu da sakamakonsu. Bayan ka tara ainihin bayanan ka sake fitar da alfa a kansu ka sa a babi na huɗu, domin ita ce ta mutanen da sakamakonka ke magana a kai. Fam ɗin masana, da fassarar gaba da baya, da shafin da kwamfuta ta fitar, duk su shiga rataye a ƙarshen kundi.